Ban Cire Ƙugiyar Ba

Yayana ne ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa lokacin da ya samu aiki a wani kamfanin gina shafukan intanet a Kano. Ni kuwa ina ƙauye ina koyarwa a firamare, da yamma in taya Baba duba tumatir a gonarsa ta noman rani a Watari. Da kwamfutar nan na koyi yarukan gina shafi, HTML, na bi da PHP, a gindin darbejiyar makaranta, don nan kaɗai sabis yake tsayawa.

Da hannuna ya faɗa, sai na gina nawa shafin. Abin da na sani na rubuta: yadda tsutsa take cinye tumatir, da abin da yake sa kwando ya ruɓe tun bai kai kasuwar Ɗambatta ba. Ranar da na ɗora rubutun farko na buɗe shi a waya, sai na tarar duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take, alamar tambaya ce a zaune.

Na kira Yaya. Dariya ya yi, ya ce in cire ƙugiyoyin kawai, ai kowa haka yake yi. Ya ƙara da cewa PHP yaren tsofaffi ne, yanzu JavaScript ake yayi, kuma in ina son a karanta ni, in koma Turanci.

Na ce, "Yaya, in na cire ƙugiya, baƙi ya zama baki. Hausar wa ke nan?"

"Manoman naki ba su damu ba."

"Ni na damu."

Abin ya yi mini ciwo, don a gida ɗaya muka koyi magana. Ban sake tambayarsa komai ba. Duk daminar nan ina fama. In goge, in sake rubutawa. Akwai ranar da shafin ya mutu ɗungurungum, na zauna ina kallon farin allo kamar in yi kuka. Abokan aikina suka sa mini suna injiniya, don zolaya. Inna ta ce in tausaya wa idanuna.

Ana cikin yankan gero na gano matsalar. Rumbun da nake ajiye rubutun da shafin da yake nuna shi ba tsarin haruffa ɗaya suke bi ba. Layi kaɗan na gyara, na buɗe waya, ga kowane harafi da ƙugiyarsa.

Masu karanta ni ba su da yawa, ban kuma ɓoye ba. Amma wata Hajiya daga wajen Rimin Gado ta aiko mini da saƙon murya, ta ce matan unguwarsu suna taruwa a karanta musu, tana so in yi bayanin shanya kauɗar tumatir yadda ba za ta yi baƙi ba.

Da Yaya ya zo hutun sallah ya ce ina ɓata basirata a nan, akwai ɗaki a gidansa in na shirya. Na gode masa, na ce ban shirya ba. Washegari na ɗauki waya na tafi wajen masu shanya kauɗa.