Inna Rumasa'u, Mai Tukunyar Arfa

Kafin rana ta leƙo ta kan duwatsun Makka, hayaƙin Inna Rumasa'u ya riga ya tashi. Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar Jarwal ya san lungun. Ka wuce rumfar masu gawayi, ka karya hagu, sai ga wani ɗan ɗaki da aka haɗa da fallayen gwangwani da buhuna, da murhu a bakin ƙofa. Da ta dawo daga sallar asuba take dama koko, don 'yan ga-ruwa su sa wani abu a ciki kafin su saɓa sanda su fara hawa benayen mutane da garwa biyu-biyu. In hantsi ya yi sai daka. Gidajen Larabawa suna aiko mata da alkama da barkono da gahawa, ta daka ta tankaɗe ta mayar. Da yamma kuma tuwo ne na 'yan dako. Haka take shekara talatin da wani abu, har hayaƙi ya cinye mata ido. Bana ta ce ta gaji, ta miƙa wa maƙwabciyarta Rakiya muciya. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da aka gani a wurinta tun tana ji da kunnenta.

Abu na farko da baƙo yake lura da shi, Inna ba ta riƙe carbi a bakin murhu. Mutane da yawa sun zaci ko ba ta damu ba ne. Sai ka daɗe kana kallonta za ka gane yadda ta tsara girkinta. Tana ɗora tukunya ne da lissafin inuwar katanga, yadda in ladan ya ɗaga murya daga Harami, tuwon ya kai inda za a rufe shi ya turara, miyar ta kai inda za a janye itace a bar ta kan garwashi. Sai ta wanke hannu ta shige ɗaki. A cikin sallar nan ba ta sauri, ko da 'yan dako sun yi layi da akushi suna gunaguni. Wani ya taɓa ɗaga murya ya ce yunwa ba ta san raka'a ba. Da ta fito sai ta zuba masa, ta ƙara masa miya, ta ce ya yi haƙuri, gobe ya zo kafin kira ko bayan sallama, don tsakanin nan ba nata ba ne balle ta sayar masa.

In kuma tana kan aiki, to tana kan aiki. Leɓenta yana motsi a hankali, amma ka yi mata magana, nan take za ta katse ta juyo maka da fuska gaba ɗaya, ta ji abin da ya kawo ka. Ba ta taɓa ɗaga wa mutum hannu wai ya jira ta ƙarasa zikiri ba.

Rakiya ta daɗe ba ta gane wannan ba. Ita kullum ƙorafinta ɗaya ne, wai mutane suna sayar da gona da shanu su taho ganin Ɗakin Allah, mu kuwa muna kwana a gindinsa amma hayaƙi kawai muke gani. Wata rana ta ɗauki wuridi mai yawa daga wurin wani malami a unguwar Tandabawi, ta ce da shi za ta riƙa girki. Carbi a hannun hagu, ludayi a dama. Kafin azahar shinkafa ta kama, ƙauri ya cika lungu. Inna ta zo ta leƙa tukunya, ta tambaye ta ina ta tsaya a wuridin. Rakiya ta duba carbi, ta rasa. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe an yi biyu babu, ba tsuntsu ba tarko. Sannan ta zauna ta taya ta kankare ƙanzo, ta ce mata:

"Rakiya, in kina tuƙi ki yi tuƙi. Wanda kike son ki tuna, ai Shi ya turo miki masu yunwar."

Lokacin aikin hajji kuwa, duk Jarwal tashi take yi. Maza su tafi dako da kafa hemomi, mata su tafi girki da wanki. Inna tana yi wa wani muɗawwifi aiki, wato mai saukar da alhazan ƙasarmu yana yi musu jagora. Duk shekara tana Arfa, amma a bayan hemomi, tsakanin buhunan shinkafa da tulunan ruwa. Nata hajjin ta yi shi tun shekarar da ta iso. Abin da ya rage mata a zuciya na mahaifiyarta ne. Tare suka baro gida a ƙasa, suna tafiya suna tsayawa neman guzuri, har tsohuwar ta kwanta ciwo a gonakin auduga na Sudan, ba ta ga ko teku ba. Inna ta yi mata alkawari a bakin kabari cewa za ta yi mata hajji. Shekara ta zo ta wuce, kullum a ce bana ba mai riƙe tukunya, sai baɗi.

Bara waccan ta ce ba sauran baɗi. Ta ɗaura niyya da sunan mahaifiyarta, ta bar wa Rakiya murhu. Wadda ta kwana kusa da ita a Mina ta ce Inna ta yi ta bitar addu'o'in da ta tara, kamar mai shirin zuwa gaban alƙali, kada ta manta ko ɗaya. Shekarar ce aka yi zafin nan da har yanzu ake labari. Bayan an haɗa azahar da la'asar, ta samu gefen hema ta shimfiɗa buhu, ta fuskanci alƙibla. Ba ta gama gyara zama ba sai ga wani mutum ya shigo da tsohuwa a saɓe, yana kiran a taimake shi.

Sunansa Hashimu, mutumin Gobir, tsohuwar kuwa mahaifiyarsa ce, Shatu. Rana ce ta buge ta. Jikinta ya bushe ƙayau ba ko ɗigon zufa, ya yi zafi kamar kasko. A bakin hanya akwai motar da muɗawwifi ya ajiye don marasa lafiya, direban yana ta "yalla, ya hajji", yana son ya wuce da su asibiti a Makka kafin jama'a su toshe hanya. Aka yayyafa wa Shatu ruwa ta ɗan farfaɗo. Da ta ji maganar mota sai ta laluba ta damƙi igiyar hema.

"Ba ni zuwa ko'ina," in ji ta, "sai rana ta faɗi."

Duk wanda ya tashi a hannun malaman ƙasarmu ya san abin da take nufi. Sun karantar da mu cewa wanda ya fita daga Arfa kafin faɗuwar rana, bai kuma dawo ba, to ba shi da hajji. Direban ya ce su a wurinsu ba haka ba ne, an yi yini ai ya wadatar, a yanka rago a wuce wurin. Mai yiwuwa yana da nasa malaman. Amma Shatu ba ta yi shekaru tana tafiya don ta koma da hajjin da zuciyarta ba ta yarda da shi ba. In Hashimu ya sa ta a mota, ya raba ta da abin da ya fito da ita daga gida. In ya bar ta, wataƙila ya ɗauki gawa. Rana kuwa ko karkata ba ta yi sosai ba. Ya juya ya dubi Inna, don ita ce babba a wurin, ya roƙe ta ta faɗa masa abin yi.

Inna ba ta ba shi fatawa ba. Ta durƙusa ta sa tafin hannu a wuyan tsohuwar, ta daɗe, sannan ta ce:

"Ɗana, ba zan ce maka za ta kai ba, don ban sani ba. Amma in ta zauna, ba zan tashi daga kanta ba."

Hashimu ya sunkuyar da kai yana hawaye, ya yi wa direba alama ya tafi.

Inna ta sa aka ɗauke Shatu zuwa bayan hemar girki, wani ɗan saƙo da ta sani iska na ratsawa. Ta tsoma zane a tulu ta lulluɓe ta, ta jiƙa tsamiya da ɗan gishiri tana ɗiga mata a baki kaɗan-kaɗan, ta ɗauki maficin hura wuta tana yi mata fifita. Zane ya bushe ta sake tsomawa. Ta tura Hashimu bin masu ruwa. Daga ko'ina ana jin kukan jama'a, dubban mutane sun ɗaga hannu sama, kowa da harshensa. Rakiya ta baro tukunya ta zo ta tsaya a kanta, ta ce cikin fushi da tausayi a haɗe, shekara nawa Inna tana jiran yinin nan saboda mahaifiyarta, ta tashi ta je ta yi addu'arta, ita za ta riƙe maficin. Inna ta ce alhazai za su sauko da yunwa, ta koma kan murhu.

Rakiya ta ce daga inda take tana jiyo ta. Inna ta sa baki kusa da kunnen tsohuwar tana faɗin la'ilaha illallahu wahdahu la sharika lahu, a hankali, daidai da kaɗawar mafici, yadda leɓen Shatu zai iya bi. Idonta kuwa yana kan ƙirjin matar, tana kallon numfashi. Sai ta katse a tsakiyar kalma ta ɗaga murya, "Hashimu, moya!", a kawo ruwa ta jiƙa zane, ta koma daidai inda ta tsaya. Sau biyu numfashin ya yi ƙasa har Hashimu ya fara salati. Inna ta ɗago kan tsohuwar ta ɗora a cinya, ta ci gaba. Tun daga lokacin har inuwa ta miƙe, hannunta bai samu sararin ɗaguwa sama ba ko sau ɗaya.

Da rana ta yi ja, fili ya ruɗe. Raƙuma suna tashi, motoci suna ƙaho, ana kwance igiyoyi. Hashimu ya miƙe zai ɗauki uwarsa, Inna ta ce ya dakata duhu ya ɗan shigo tukuna, kada a yi aikin banza. Sai da ja ya bar saman dutse sannan ta sunkuya ta ce:

"Iya, rana ta faɗi. Kin yi Arfa."

Tsohuwar ta buɗe ido. Kowa ya zaci ruwa za ta nema. Ashe duk abin da Rakiya ta faɗa ɗazu ta ji shi. Ta dubi Inna ta ce da muryar da sai an kasa kunne:

"Ɗiyata, uwar taki, mi as sunanta?"

"Asiya."

Shatu ta yi ƙoƙarin ɗaga hannu, hannu ya ƙi. Inna ta tallafo mata gwiwar hannun. A haka, ɗaya na riƙe da ɗaya, tsohuwar ta roƙa wa Asiya gafara da suna, ta roƙi Allah Ya rubuta ta cikin waɗanda suka iso. Rakiya ta ce a duk zamansu ba ta taɓa ganin hawayen Inna ba sai ranar. Shatu ta ƙarasa hajjinta, a kan gadon katako aka zagaya da ita Ɗaki. Ta rayu har bayan Muharram, a nan Makka aka binne ta.

Inna, ke ce randar tsakar gida, kowa ya sha ya wuce bai tambayi wanda ya cika ba. Ke ce kika nuna mana cewa mutum zai iya tsayawa gaban Ubangijinsa da toka a zane. Ba ki taɓa zaunar da mu kin yi mana wa'azi ba. Mun dai ga ba ki bar salla saboda tukunya ba, ba ki kuma bar mutum a ƙasa saboda addu'a ba. Waɗannan maganganu da baki ba zan iya faɗa miki su ba. Za a karanta miki, na san kuma za ki ce an cika surutu.

Mun gode, Inna Rumasa'u. Allah Ya saka miki, Ya haskaka miki abin da hayaƙi ya rufe, Ya karɓi hajjin Asiya. Mu kuma da muka rage a bakin murhu da turmi da garwa, lokacin aikin hajji yana tafe, za a sake kafa hemomi, za a sake kawo wani a saɓe. Kada mu ce aiki ya hana mu Allah, kada kuma mu fake da carbi mu kau da kai. Wanda ya samu hali ya bi ta lungun masu gawayi ya gaishe ta. Tana zaune a bakin ƙofa, ba ta gani sosai, amma da ka yi sallama za ta katse abin da take faɗa ta juyo.