Burodin da Ba a Gutsura Ba

A ƙauyenmu, kusa da Kaoje, ba don sanyi ake hura wuta da almuru ba, don sauro ne. Da an idar da sallar isha'i, Inna Hajo, mahaifiyar babanmu, takan zuba ƙaiƙayin shinkafa a wani fasasshen kasko ta ɗora garwashi a kai. Hayaƙi ya turnuƙe ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu zauna muna tari muna hawaye, amma ko da bulala ba mai tashi. Wurina a hagunta yake, don ni ne maigidanta na wasa, kuma kullum sai ta yi mini gorin cewa ta auri miji mai majina wanda ko ɓarin goro bai taɓa saya mata ba. A bayanta akwai akurki, muna jin kaji suna motsi a ciki tana ba mu tatsuniya.

Kajin nan ba nata ba ne, na Bappa Sanda ne, autanta. Tun yana yaro ta ba shi 'yar kaza guda, kamar yadda ake yi wa kowane ɗa a wurinmu, sauran duk jikokin wannan kaza ne. Ba a yanka su, ba a kai su kasuwa. Ko baƙon kunya aka yi sai dai a nemo kifi, don ta ce ranar da mai su ya dawo za a yi yankan da unguwa za ta ji.

Bappa Sanda ya ƙetara zuwa ƙasar Dahome ne a shekarun da ake ta zancen mulkin kai. Aka ce Ingilishi ya tafi daga wajenmu, Faransi ya tafi daga wajensu. Mu dai abin da muka gani shi ne hanyar da kakanninmu ke bi zuwa kasuwa ta sami masu kaki suna tambayar mutum daga ina zuwa ina. Ya sami aikin tura itace a tanderun wani gidan burodi a Kandi. Shi bai iya rubutu ba, ita ba ta iya karatu ba, ga yanar ido ta soma rufe mata gani. Don haka saƙonsa burodi ne, irin dogon nan na Faransi, a naɗe cikin takardar siminti an ɗaure da igiya. Wani Badendi mai fataucin kanwa a kan keke, Saini, shi ke kawowa duk lokacin da ya zagayo. Kafin ya iso ya bushe ƙamas, ana iya korar akuya da shi. Inna takan jiƙa a kunu ta ci da dasashinta, ta sammana ɗan abin da ba ya isa ko'ina.

Abin dariyar shi ne burodin bai taɓa zuwa cikakke ba, kullum an gutsure masa kai. Gida duka aka yanke hukunci Saini ne. Innarmu, wato mahaifiyarmu, takan tambaye shi ko ɓera ne ke hawa kekensa a baya, shi kuwa ya yi ta rantsuwa da Hausarsa mai gargada cewa ko igiyar bai taɓa kwancewa ba. Ba mai yarda. Ita kanta Inna Hajo da ita ake tsokanarsa.

Ni kaɗai ta gaya wa. Wata rana ta kama yatsana ta ɗora a kan gutsuren, na ji wani ɗan tudu siriri a tsakiyar cizon.

"Ka ji shi? Wanga ba haƙorin Saini ba na. Wushiryar Sanda ta. Kak ka hwaɗa ma kowa, maigida. Bar su da Saini."

Na riƙe mata sirrin, ba don na san nauyinsa ba, sai don daɗin a ce ina da abin da yayata Ladi ba ta sani ba.

Sai wata kaka, bayan an gama yankan shinkafa, Saini ya daɗe bai zo ba. Da ya zo kuma bai tsaya raha ba, ya durƙusa ya miƙa ƙunshin ya ce Sanda na gaishe ta. Aka kwance, sai ga burodi cikakke, kai da gindi, ba ko ƙwarzane. Innarmu ta yi guɗa ta ce yau Saini ya tuba. Ni ma na yi murna, don a lissafina rabonmu ya ƙaru. Ina kallon Inna ta shafa wannan kan, ta juya ta shafa wancan, ta sake komawa na farko. Ta daɗe tana yi. Sannan ta ce wa Saini Allah ya yi albarka, in ya koma ya ce tana amsawa.

Ba ta ci ba. Da gari ya waye ta jiƙa shi a ruwa cikin ƙwarya, ta zauna a bakin akurki tana marmasawa tana watsa wa kaji. Abin da wasu manya a ƙauyen ba su taɓa sa wa a baki ba, ga shi kaji na tattakawa. Muka ruga za mu yi wawaso da su, ta kaɗa mu da mafici ta ce abin masu shi ne. Daga ranar haka ta riƙa yi da kowane burodi. Innarmu ta yi mita ta gaji, maƙwabta suka ce tsufa ya soma taɓa Hajo. Babanmu kuwa in ya fito ya tarar tana watsawa sai ya kau da kai ya wuce gona.

A cikin kwanakin nan ne ta sa aka kama jan zakaran da take ji da shi, aka yanka wata Jumma'a, aka kai wa liman dukansa, ko ƙafa ba a bari a gida ba. Ta ce cararsa ce ke hana ta barci.

Akwai tatsuniyar da muke so, ta kaza da ɗan agwagwa, mun ji ta har mun haddace. Wani dare Ladi ta roƙa a yi mana ita. Inna ta ƙara ƙaiƙayi a kasko ta ce ga ta nan tafe, muka ce ta iso mu ji.

Wai wata mata ce ta sa wa kazarta ƙwan agwagwa a cikin nata, yadda ake yi a garuruwan bakin ruwa, don kaza ta fi haƙurin kwanci. Aka ƙyanƙyashe, ɗaya ya fito da faffaɗan baki, kaza kuwa ta fi sonsa a kan duka. Ranar da ta kai su bakin kogin Kwara kiwo, ɗan agwagwan ya faɗa ruwa ya yi gaba. Ta yi ta kai da kawowa a gaɓa, ba ta iya bin sa. Ya waiwayo ya ce kada ta damu, kowace safiya zai tuge gashi ɗaya daga ƙirjinsa ya ba Kwaɗo ya kawo mata, ta san yana nan. Haka aka yi ta yi.

Mun san ƙarshenta: da damina ta faɗi yakan dawo da 'ya'ya a jere a bayansa, a yi ta shagali. Har mun gyara zama don wurin nan akwai waƙa. Amma ranar sai Inna ta ce shaho ya sauko a tsallaken ya ɗauke shi, a kan idon Kwaɗo. Kwaɗo ya bi ciyawa ya tsince gashin da ya zube, ya ɓoye a ƙarƙashin ganyen bado, kowace safiya ya ɗauki ɗaya ya kai. To gashin da mai shi ya tuge da bakinsa akwai ɗan jini a gindinsa, wanda aka tsinta kuwa busasshe ne. Tun safiyar farko kaza ta gane. Ta karɓa ta ce sannu Kwaɗo, yana lafiya? Kwaɗo ya ce lafiya lau. Ta kai gashin sheƙarta ta ajiye.

Muka ce ba haka take ba, Inna ta manta. Ta ce ita ta san abarta. Ladi, da ba ta barin zance ya wuce, ta tambaya me ya hana kazar ta gaya wa Kwaɗo cewa ta sani.

"In ta hwaɗi, gobe wa ka zuwa?" in ji Inna.

Na ce to daga nan sai me ya faru.

"Ba abin da yaf faru, maigida. Gashin agwagwa yawa gare shi. Kaza ta riga shi ƙarewa."

Ta kife kaskon ta ce ƙurunƙus, kowa ya kama gabansa. Na tafi ina jin haushin an cuce mu waƙa.

Inna Hajo ta rasu da damina ta biyu bayan haka. Ana zaman makoki sai ga Saini da ƙunshinsa, bai ji labari ba. Ya tsaya a ƙofar gida riƙe da shi, ƙaton mutum yana kuka kamar yaro. Bayan ɗan lokaci aka ce mana Bappa Sanda ma ya rasu a can, muka ɗauka bin ta ya yi. Kajin kuwa annoba ta share su a rani guda.

Sai da na yi furfura na ji yadda abin yake. Na je Bagudo, inda ya koma da zama, gaida babanmu, lokacin ya tsufa ƙwarai, ba ya fita ko masallaci. Muna zaune a zaure ya ce akwai abin da bai taɓa gaya mini ba. Sanƙarau ne ya kashe Sanda a Kandi tun a waccan kakar, Saini ya kawo masa labarin a gona. Ya duba halin tsohuwa ya ga ba za ta ɗauka ba, sai ya roƙi Saini ya ci gaba da sayo burodi a kasuwar Segbana yana kawowa da gaisuwa. Har ya yi 'yar dariya, ya ce ya ja masa kunne cewa ban da halin nan nasa na gutsure, tunda yanzu abin na tausayi ne.

"Na yi kurakurai da yawa, amma wanga guda na san na yi daidai," in ji shi. "Ta tahi hankalinta kwance, tana jiran ɗanta. Ko ba haka na ba?"

A take na ji ɗan tudun nan a kan yatsana, na ga jan zakara, na ji muryarta a cikin hayaƙi. Damina biyu ta yi tana makokin ɗanta ita kaɗai a tsakiyar gida cike da mutane. Ba wanda ya yi mata ta'aziyya, ba ta sami ko damar yin kuka a fili ba, sai dai a bakin akurki muna ce mata ta ruɗe. Ta gaya mana kuma, ƙarara, mu da muke zaune a gabanta, muka ce ta ɓata tatsuniya.

Da ina zaton labarin yabon haƙurin kaza yake yi. Yanzu ban ga abin yabo a cikinsa ba, baƙin ciki kawai nake gani. Kowa ya tausaya wa ɗan'uwansa iyakar ƙarfinsa, tausayin kuma shi ya bar kowa shi kaɗai da abin da ke cinsa. Na sha tambayar kaina ko da sun zauna sun yi kukan tare da ya fi, ban sami amsa ba, waɗanda za su ba ni ita kuma duk suna ƙasa.

Ranar dai a zaure tsoho yana kallona yana jira, ga fara'a a fuskarsa. Ni kaɗai na rage a duniya da na san wushiryar nan.

Na ce, "Haka na, Baba. Ba ta sani ba."