Ƙafar Hagun Usta Abakar

Tun da na tare a unguwar Hayyin Ashir ban ga mutumin da ya ɗaure mini kai kamar maƙwabcina Usta Abakar ba. Bahaushen Sudan ne, haifaffen Mai Wurno, yaƙi ne ya koro shi Alƙahira da iyalinsa. Direban sahara ne tun yana saurayi, shi ya sa ake ce masa Usta, wato gwanin sana'a. Ya yi jigilar fasinja daga Omdurman zuwa Dongola tun babu kwalta, a cikin tsofaffin Landkuruza ɗin nan masu giyar hannu. A nan kuwa wani Bamisire mai suna Fadl ya ɗauke shi aiki, yana kai masu yawon buɗe ido yashin Fayyum.

Ni ɗalibi ne, ko keke ban iya da kirki ba, amma Allah ya yi ni da tambaya. Shi ya sa nake liƙe masa a gahawa, wato shagon shayin da ke ƙasan gidanmu, inda tsofaffin direbobin Sudan ke zama bayan La'asar. A nan na ji cewa direban yashi ba ya tuƙi da takalmi. Yana shiga mota zai tuɓe, ya tura ƙarƙashin kujera, wai da tafin ƙafar hagu a kan kuloci ake jin taya za ta nutse tun ido bai gani ba. Sababbin motocin nan masu canza giya da kansu kuwa, a majalisar sunansu firij. Sarkin zaginsu shi ne Hussain, wani tsoho mai bakin tsiya da ya daɗe da ajiye tuƙi.

"Firij ne mai taya," in ji shi. "Ka shiga ka sha sanyi, ta kai ka inda ta ga dama."

Ana nan sai gwiwar Usta ta hagu ta fara ciwo. Kulocin tsohuwar motar Fadl ga tauri, ga shi a yashi ba a hutawa da taka shi. Usta ya ɓoye, ya ɗaure, ya shafa man zafi, har ranar da ya kasa saukowa daga mota sai da aka tallafe shi. Likita ya ce khalas, ƙafar nan ta gama da kuloci. Fadl ya ce ya riga ya sayo sabuwa mai canza giya da kanta, in Usta zai tuƙa ta aikinsa yana nan, in ba haka ba sai ya nemi wani. Wato ko ya shiga firij, ko ya yi sallama da sahara.

Na kasa haƙuri na ce, "Kawu, wai mene ne laifinta? Mota ai mota ce."

"Kamilu, kai dai riƙe littattafanka," ya ce. Amma da safe sai ga shi a ƙofata. "Yalla, taso ka ga laifin nata da idonka."

Ya shiga sabuwar motar, ya tuɓe takalmi kamar kullum. Ba mu yi nisa ba ya zo rage gudu, ƙafar hagu ta tafi neman kuloci da ƙarfinta na da, ta danne birki. Goshina ya gaisa da gilashi. Ya ce ma'alish, in yi haƙuri. Kafin mu fita daga gari ya sake yi mini, har wani mai tasi a baya ya leƙo yana zage-zage. Ni dai na fara karanto addu'ar tafiya karo na biyu.

Sai ya tsaya a gefen hanya, ya sunkuya ya jawo takalmi ɗaya, ya sa wa ƙafar hagu. Ta dama ya bar ta tsirara.

"Me ke nan kuma, Kawu?"

"In ta ji takalmi ta san an tashi daga aiki," ya ce. Abin mamaki, ba ta sake motsi ba.

A bakin yashi ya sauko yana ɗingishi, ya rage wa tayoyi iska, yana danna kowacce da babban yatsa. Ya nufi wani tudu da ni ko a mafarki ba zan hau ba. Na runtse ido. Da na buɗe muna sama, yashi ya miƙe ko'ina har inda ido ya ƙare. Na zaci zai yi murna, amma ya kashe mota ya zauna, hannunsa a kan sitiyari.

"Ta hau," ya ce can. "Ko shawarata ba ta nema ba."

Wallahi tausayinsa ya kama ni. Ya daɗe yana kallon yashin, sannan ya ɗauko waya ya kira Fadl, ya ce tamam, ranar Asabar a ba shi baƙi.

Labari ya riga mu isa gahawa. Tun kafin Usta ya zauna Hussain ya ɗaga murya.

"An ce ka miƙa wuya, Abakar."

Usta ya jawo kujera, ya miƙe ƙafar a hankali.

"Na miƙa," ya ce. "Amma yau na taka yashi, Hussain. Kai yaushe rabonka da shi?"

Hussain ya sunkuyar da kai yana ta juya shayinsa, alhali sukari ya daɗe da narkewa.