Ciyawar Jami'a a Gayaunar Baba

Saura shekara guda in gama jami'a aka fito da wani tsari na ɗaliban da suka yi zarra a ajinsu, sunana kuma ya faɗo ciki. Abokanmu suka raɗa mana suna 'yan gaban goshi, mu kuwa ko a jikinmu, don gatan ya isa a yi mana hassada. An ba mu izinin aron littattafai daga ɓangaren da manyan ɗalibai kaɗai ke shiga, an buɗe mana ɗakin gwaje-gwaje har ranar Asabar, kowannenmu kuma aka haɗa shi da malami guda da zai riƙa bin aikinsa sau da ƙafa. Amma babbar tsokar ita ce wannan: wanda ya yi binciken hutun damina aka karɓa, jami'a za ta riƙe shi ya yi digiri na biyu a kan nauyinta. A sashenmu na aikin gona gurbi ɗaya ne tak. Na kuma san in ya kuɓuce mini karatuna ya ƙare ke nan, don shekarun fari ne, in ka leƙa rumbunmu a Kurawa ka yi magana sai ka ji muryarka ta dawo maka.

Malamin da aka haɗa ni da shi wani dakta ne siriri mai cin goro kamar ba gobe, wanda ba ya dariya sai abu ya ɓaci. Shi ya zaɓa mini aikin. Ya ce in koma gida in auna yawan abin da ciyawa ke ƙwace wa gero a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci. Hanyar ba wuya. In raba gona biyu, ɓangare guda a yi masa noman firi da maimai yadda aka saba, ɗayan kuwa daga shuka kada hauya ta sake taɓa shi. Da kaka a auna abin da kowanne ya bayar. Na ce a raina ashe digiri na biyu araha ne, tunda rabin aikin zama ne kawai.

Da na isa gida Baba bai yi mini rowa ba. Ya ba ni gayaunarsa ta bakin hanya, wadda duk mai zuwa kasuwar Sabon Birni sai ya ratsa ta gefenta. Ba don ta fi albarka ya zaɓe ta ba, so yake duniya ta ga noman ɗan jami'a. Na zaunar da shi na yi masa bayani tiryan-tiryan, har da zane a ƙasa. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce to. Na kafa turaku, na ja igiya a tsakiya, ina jin kaina kamar wani babban bature.

Ruwa ya makara a shekarar, sai da muka yi shuka sau biyu kafin ta kama. Gero ya fito a daddafe, amma ciyawa ta fito da ƙarfinta. Ƙarangiya da harƙiya da tafasa suka cika ɓangaren da na bari, har geron ya zama baƙo a cikinsu. Ranar kasuwa sai ka ga masu jakuna suna rage tafiya suna kallo. Baffana, ƙanin Baba, mutum ne da bakinsa ba ya ajiye magana ta kwana. A ƙofar masallaci ya tare Baba, ina tsaye ina ji.

"Yaya, wanga ilimi na jami'a da ban mamaki shike. Mu muna noman hatsi, su suna noman ƙarangiya!"

Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, don ina ganin na fi su sanin abin da nake yi. Baba ne kaɗai bai yi ba.

A makon ne na tafi Turba ta ƙasar Isa gaida goggona da ba ta da lafiya, na kwana biyu. Da na dawo tun daga nesa na ga gayaunar ta sauya kama. Fes take, ko tsinke babu. Ɓangaren ciyawata an nome shi tas, an yi wa kowane gindin gero gyara, an cire turakun an jingine su a gindin aduwa, igiyar ma an naɗe ta da kyau don kada ta ɓata. Ashe Baba ya kira gayya.

Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa jin irinsa ba. Na shiga gida ina huci, na tarar da shi a zaure yana murmushi, yana jiran godiya.

"Ka gani? Na hidda ka kunya. Safiya guda munka gama."

"Baba, ai na gaya maka kada a taɓa!"

"Ka hwaɗi, na jiya. Na ɗauka kunya kaka ji ka ce aikin ya hi ƙarhinka."

Na buɗe baki zan zuba masa Turancin da na tara, sai Inna ta kira ni cikin gida ta ce in ci abinci tukuna. A nan ta gaya mini furar da 'yan gayya suka sha daga ɗan geron da ta ɓoye don tsakiyar damina aka dama ta. Ta ina za ka fara yi wa mutumin da ya ciyar da abincin gidansa don ya rufa maka asiri faɗa?

Mako na zagayowa Dakta ya iso a tsohuwar motarsa don duba aiki. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, ya yi masa jagora har gona, yana nuna masa tsabtar wurin da bakin sanda. Dakta ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya tambaye ni ina ɓangaren ciyawar. Na nuna masa. Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi, sai da aka kawo ruwa. Ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ya yi bayan nan ne ya sa har gobe nake yi masa addu'a. Bai koma mota ba. Ya zauna a tabarma kusa da Baba, ya gutsura masa goro.

"Baba, in kana da raguna biyu, kana so ka san ko dusa na sa ƙiba, duka biyun za ka ba?"

"A'a. Guda za ni ba, in hana ma guda."

"To ai wanda aka hana ɗin ne kuka ciyar."

Baba ya juya ya dubi gonar. Can ya ce a hankali, "Ashe ɓarna munka yi." Tun da nake ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba, sai tausayinsa ya kama ni.

Dakta ya koma ya yi ta kai da kawo a sashenmu har aka yarda a jinkirta ba da gurbin zuwa kakar baɗi, kowa ya sake gwajinsa a damina ta biyu. Ya kuma gaya mini gaskiya ba ɓoye-ɓoye: in aka sake samun matsala, ba shi da bakin da zai ƙara roƙo.

Damina ta biyu ta fi ta farko tsanani. Jarrabawar ƙarshe ta riƙe ni har bayan shuka, ina can hankalina yana gida. Da na sauka daga mota ko jaka ban ajiye ba na wuce gona. Turakun suna tsaye, igiyar a miƙe, ciyawa ta fara ɗago kai, ga Baba zaune a gindin aduwa da sandarsa. Shi ya raba gonar da hannunsa.

Haka ya yi gadin ciyawar nan damina guda. Makiyaya suka roƙi su yanka wa dabbobinsu da ke ramewa, ya ba su haƙuri. Inna ta zo tsinkar tafasa, a lokacin da tafasa ce abincin gidaje da yawa, ya ce ta nema gaba. A gari aka fara cewa bokon ɗan ya taɓa uban. Wata safiya Baffa ya zo da hauya a kafaɗa, wannan karon ba wasa a fuskarsa.

"Yaya, shekara wagga ba ta wasa ba ta. Ɗiya na kwana da yunwa, kai kana kiwon haki?"

"Aje hauyar ga, ko ka koma inda ka hito."

Na lura duk zaman da yake yi, baya yake juya wa ɓangaren ciyawar. Gadinsa yake yi, amma ba ya iya kallonsa. Mutumin da tun yana yaro ba ya wuce ciyawa a gona, ko ta wani ce, bai sunkuya ya tuge ta ba. Abin ya dame ni ƙwarai, har wata rana na ce masa mu nome kawai, gurbin ya tafi, Allah ya ba ni wani. Ko kallona bai yi ba ya ce, "Ba ni ɓata ma karatu so biyu."

Da kaka Dakta ya dawo da sikelinsa ya rataya a reshen aduwa. Ɓangaren da aka nome ya ba da 'yan dammuna, ba yabo ba fallasa. Na ciyawar kuwa zangarkun ƙanana ne kamar yatsu, duka ba su cika dami guda ba. Dakta yana aunawa yana rubutu. Baba ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Ya lalace yadda aka so?"

Dakta ya ji. Ya ɗago kai ya ce, "Baba, ya lalace daidai. Da wannan zan tsaya wa ɗanka a gaban kowa, kuma ban ga mai ƙwace masa gurbin nan ba."

Baba ya ce alhamdu lillahi, ya shafa fuska. Sai ya tambaya ko yanzu an gama da wurin. Dakta ya ce an gama. Baba ya tuɓe rigar Juma'a ya miƙa mini, ya ɗauki hauya ya tsallake igiyar. An riga an girbe, babu sauran abin ceto a ciki, ciyawar ma ta bushe. Har Dakta ya tayar da mota ya tafi Baba bai ɗago ba, yana nan yana noma.