Ganyen da Ya Riga Babur Isa

Shekarar da aka yawaita sakin ruwan dam ɗin Goronyo, ɗiyata ta fari ta haihu a Legas. Al'adarmu haihuwar fari gida ake zuwa, uwa ta yi wa ɗiyarta wankan jego da ruwan zafi da ganyen darbejiya. Amma aiki aka yi mata, likita ya hana ta hanya. Kwana biyar babu wanda ya dafa mata ruwa. Da muka yi waya ba ta roƙe ni komai ba, ta dai ce, "Inna, jikina sanyi nike ji." Abin da ya hana ni zama ke nan.

Surukina ya ce a jirgi zan je, tafiyar ba ta cika awa biyu ba. Na rubuta awa biyun a bayan littafina na yaƙi da jahilci, na karanta wa mahaifiyata. Ta ce, "Mi? Masu kai albasa kwana biyu su kai bisa hanya. Ke dai malamin ajinku bai gama koya miki lamba ba."

Ni ma a zuciyata ita na yarda da ita. Don haka muka yi shirin tafiyar da muka sani. Na bi gidajen Kagara ina neman gafara. Na yi dambu, na dafa ƙwai, na ɗaure ƙuli-ƙuli, guzurin kwana biyu. Ganyen ne ya dame ni. Ranar tafiya da safe na tsinko shi a bishiyar ƙofar gidanmu, na naɗe a jiƙaƙƙen zane, ina cewa ko rabi ya kai da rai na gode Allah.

Yayana ya ɗauke ni a babur. Ruwa ya cinye hanyar fadama, sai da muka zaga ta tudu, muka ratsa Wurno, ga shinkafa kore shar hagu da dama. Mun fi awa uku kafin Sakkwato. A filin jirgi na yi azahar, ya juya gida.

A sama ban ga komai ba sai farin gajimare. Ina cikin tunanin ko in kwance dambu in miƙa wa matar da ke kusa da ni, sai aka ce a ɗaura ɗamara za a sauka.

La'asar a ɗakin ɗiyata na yi ta. Na kira gida. Mahaifiyata ta ce, "Subhanallahi, jirgin ya hwasa tashi?"

Na ce, "Inna, ga tattaɓa-kunnenki nan tana kuka, saurara."

Ta saurara. Can ta ce, "To shi wanda ya kai ki bai iso ba tukuna."

Na kwance zanen. Ganyen bai ko lanƙwasa ba, ɗacin ƙamshinsa ya cika ɗakin. Na ɗora tukunya a kan gas. Saboda ɗinkin, ban watsa mata ruwan yadda aka yi mini ba. Tsumma na riƙa tsomawa ina gasa mata baya da kafaɗu a hankali. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na ƙofar gida ne, ko?"

Na ce na safiyar yau ne.

Har yanzu in an ce mini wuri na da nisa, nakan tambaya ta ina za a bi. Dambun kuwa, surukina ya kwana biyu yana ci.