Darasin Gugguru na Malam Tofazzal

Shekara ashirin da uku Malam Tofazzal Mridha ya yi yana koyarwa a firamaren ƙauyensu da ke bakin kogin Meghna, kuma abu ɗaya tak ya gagare shi: darasin gugguru.

Darasin yana cikin wani littafi da aka aiko daga Dhaka, babban birnin ƙasar, mai bayani kan yawan jama'a da yadda ake cin arzikin duniya. Littafin ya ce a samo muri, wato guggurun shinkafa, a cika daro a ba yara biyu, sauran ajin kaf a ba su kofi guda. Wai yaran za su fusata su yi ta ƙorafi, sai malami ya nuna musu haka duniya take, 'yan tsiraru ke lashe rabon jama'a.

Wanda ya rubuta littafin bai taɓa taka ƙauyen ba, wannan kam ko shakka babu. A nan, ko shinkafa da gishiri mutum ke ci, in wani ya gifta sai ya kira shi. Kafin Malam ya gama goge allo masu daro sun rarrabar, kowa na ƙuzur-ƙuzur, ba wanda ya fusata sai shi.

Ba dabarar da bai gwada ba. Wata shekara ya ba yarinyar da ta fi kowa rowa, ta ba shi kunya, ta raba. Wata shekarar ya zaɓo 'ya'yan gidaje biyu da ke rigimar gona, ya sa ɗaya a masu daro, ɗaya a masu kofi. Kafin sati ya zagayo iyayen ma sun shirya.

Matarsa Hosne Ara, wadda ke soya murin, kullum sai ta tsokane shi. "Kai dai baban Ruma, kowace shekara ka kwashe mini muri don ka koya wa 'ya'yan mutane mugun hali, su kuma su ƙi koya."

"Ilimi ne, ba ki gane ba."

"To Allah ya sa su ci gaba da faɗuwa."

Abin yana ci masa rai sosai, domin malaman birni na fariya cewa a nasu ajin har dambe ake yi. Ana saura sati biyu ya yi ritaya, sai aka ce mai duba makarantu, Malama Shamsunnahar, za ta zo ta ga wannan darasin ta rubuta rahoto. Malam ya rantse ba za a rufe takardunsa da cewa ya kasa ba.

Ranar ya ɗaure fuska tamau. "Duk wadda ta ba wani ko ƙwara ɗaya, sharar filin makaranta ta sati guda. Tuni, Moyna, kun ji ni?"

"Mun ji, Malam."

Ya ajiye daron gaban yaran biyu, ya miƙa wa sauran talatin da takwas kofinsu. Masu kofi suka zuba wa daro ido, wani ƙarami har ya fara ɓata fuska. Malama Shamsunnahar ta buɗe biro. Zuciyar Malam ta yi fari, ga nasara ta zo a ƙarshe. Sai ya lura Tuni ta ɗebi muri ta kai bakinta, amma ta kasa tauna, idonta ya cika da hawaye. Nan take murnarsa ta koma kunya.

Tuni ta miƙe, ta nufi bayan ƙofa ta ɗauko tsintsiya. Ta dawo ta ja daron zuwa tsakiyar aji, Moyna na kama mata.

"Malam, daga ina zan fara sharar?"

Aji ya kaure da tauna. Wata yarinya ta cika tafin Malama Shamsunnahar da muri, ita kuma ta rasa yadda za ta riƙe biro, sai ta ajiye shi.

Malam Tofazzal ya karɓe tsintsiyar daga hannun Tuni. "Je ki ci," ya ce. "Ni zan share."