Kilin Babanmu da Zaren Inna

Shekarun baya can, ba a daɗe da rasuwar mahaifinmu ba, Allah ya jiƙansa, kula da dokinsa ta dawo hannuna. Kili ne dogo, mai sanyin hali. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina, gani nake duk Daura babu wanda ya fi ni iya zama a sirdi. A wurina hawa shi ne ka ja linzami tamau, ka zungure shi da dunduniya, ya ɗaga kai sama yana kumfa, 'yan bakin hanya suna cewa "a gaishe ka!"

Ba a jima ba doki ya sauya. Da ya hango sirdi sai ya lotsa baya, dusa ma sai ya shinshina ya bari. Ran nan ya wurgo kai baya ya fasa min hanci, a gaban mai shayin unguwarmu kuwa, inda aka fi taruwa. Yayana ya ce magana ta ƙare, doki ya yi taurin baki, da an gama girbi zai kai shi kasuwar Mai'aduwa.

Mahaifiyata ba ta yi musu ba. Ta dai tsaya a bakin turke ta daɗe tana kallonsa, sannan ta aika garin Sandamu a kira mata wanta.

Kawu ya zo, ko ruwa bai gama sha ba ya nufi turke. Ya buɗe bakin dokin ya ce, "Zo nan, sarkin hawa. Sa yatsanka a gandarsa."

Na sa. Duk ta ɗaye, ga kumburi a dasashi.

"Bakinsa lafiya lau aka bar maka shi," in ji Kawu. "Hannunka ne mai tauri."

Ya rataye linzamin a ɗaki, muka yi ta wanke bakin da ruwan gishiri har ya warke. Daga nan ya ce in hau da ragama kawai, kuma ya cire likkafa. Kullum da safe sai mu fita filin bayan gari, yana tsaye a tsakiya da sandarsa, ni ina zagaye.

"Kai ɗan nan, me ka yar a ƙasa kake ta leƙe? Ɗaga kanka!"

In na ɗaga, sai ya ce, "To yanzu kuma ka kishingiɗa, a kawo maka fura? Kafaɗa bisa ƙugu, ƙugu bisa dunduniya. Saki cinyar nan, ba gudu zai yi ya bar ka ba."

Da aka mayar da linzami, sai ya zo da wata dabara. Ya kwance igiyar daga ƙarfen, ya haɗa su da zaren da Inna ke kaɗawa. Da na ɗan fizga, zare ya tsinke, sai in sauka in ɗaura wani. In kuma na saki igiyar tana reto don tsoro, sai ya ce, "Shanya ka zo yi? Riƙe! Ka ji bakinsa a hannunka kamar yadda kake jin guga ta taɓa ruwa."

Na yi ta tsinka zare har Inna ta fara ɓoye mazarinta. "Yaya," ta ce masa, "yaron nan zai ƙarar min da auduga kafin ya yi hankali."

"Bar shi, audugar ta fi bakin doki arha."

Wata safiya muna cikin sassarfa, sai na ji Kili ya miƙa wuya gaba, ya sauke kai, ya hura hanci. Na ɗauka tuntuɓe zai yi, har hannuna ya fara halinsa.

"Kar ka ja!" Kawu ya daka min tsawa. "Bi shi! Ba shi hannu!"

Na bi shi. Sai na ji gadon bayansa ya taso a ƙarƙashina, takunsa ya yi tsawo, bakinsa yana taɓa hannuna a hankali. Ban san doki yana da wannan taushin ba, alhali kullum ina bisansa.

Girbi ya wuce, yayana ya zo da dillali har filin. Ya ce in zagaya a gani. Na zagaya ba da son raina ba, domin na san kyan tafiyar ma zai iya sa a saye shi. Dillali ya fara yabo. Can yayana ya juya baya ya goge ido da hannun riga.

"Haka yake tafiya da Baba," ya ce. Ya dubi dillalin: "Malam, ka yi haƙuri, mun sa ka tafiyar banza."

Kili ya tsufa a gidanmu, a turkensa ya mutu. Abin da har yau yake taɓa min zuciya shi ne, ni na ji masa ciwo, amma da na sassauta bai riƙe ni ba, shi ya fara miƙo bakinsa. Allah ya yafe min abin da na yi masa cikin rashin sani, ya saka wa Kawu da alheri. Yanzu in na ga saurayi ya ɗaure kan doki sama ana yi masa tafi, bakin dokin nake kallo.